Yadda Ake Karanta Zanen Gulbi Da Daji: Daga Ƙasar Turai Zuwa Fadamar Sanyinna

 

A ƙarshen daminar da ta wuce mun sami kanmu a wata makarantar sakandare da ke yankin Sanyinna, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal ta Jihar Sakkwato. Mun tarar malamin zane ya ba 'yan aji uku aiki, cewa kowa ya zana wurin da ya fi burge shi a duniya. Da aka tattara littattafan, sai muka ga kusan duk abu ɗaya aka zana. Duwatsu biyu masu tsini, kawunansu fari fat da ƙanƙara, rana tana leƙowa daga tsakaninsu, ga ɗan gida mai jan rufi da bututun hayaƙi a gefe. Ta taga kuwa muna hango gero ya fid da kai, ga wata tsohuwar kuka, ga shanu suna kiwo balbelu na biye da su. Babu ɗalibi ko ɗaya da ya zana waɗannan.

Muna cikin duba littattafan sai wani yaro ya ɗaga hannu yana sunkuyar da kai. Ya ce ya ari wayar yayansa don ya nemi misalin zanen daji a intanet, sai ya ci karo da tsofaffin zane-zanen Turawa, ga kogi da itatuwa masu kyau, amma a bakin ruwan an zana mutane ba tufafi. Ya ce nan take ya kashe wayar. Abin da ya dame shi shi ne, me zai sa manyan mutane su zana irin wannan, har a rataye shi a gidan tarihi a ce ilimi ne? Wasu suka yi dariya, amma malamin bai tsawata masa ba, mu ma kuma mun ga tambayar ta cancanci amsa.

Dutsen ƙanƙaran nan da tambayar yaron nan tushensu ɗaya. Mun saba idan muka ga hoto, ko dai mu kwafe shi yadda yake, ko mu guje shi. Ba a cika koya mana karanta shi ba, alhali zane magana ce da wani mutum ya yi a wani zamani saboda wani dalili. Wannan makon karatun za mu koya. Kuma tun yanzu mu faɗa muku, ba za mu buga irin waɗancan hotuna a nan ba, don ana iya fahimtar abin da suke nufi ba tare da an zuba musu ido ba.

Zamanin hayaƙi da kewar daji

Yawancin zane-zanen da yaron ya gani na wani zamani ne da masana ke kira Romantik, wanda ya yi tashe a Turai daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa wajen shekarar 1850. Kada sunan ya ruɗe ku, ba soyayyar saurayi da budurwa ake nufi ba. Ana nufin salon da ya fifita abin da zuciya take ji, kamar tsoro da mamaki da kewa da kaɗaici, a kan lissafi da tsari.

Me ya haifar da shi? A lokacin ne masana'antu suka fara cika biranen Ingila. Ana ƙona kwal dare da rana, hayaƙi ya turnuƙe sama, manoma suna barin gonaki suna kwarara birni neman aikin masaƙa. A 1830 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Liverpool da Manchester. Mutumin da ya tashi a ƙauye, sai ga shi a ɗaki mai duhu yana jin ƙarar inji. Duk wanda ya taɓa zuwa cirani Legas ko Fatakwal ya tuna ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ya san irin abin da ke cin zuciyarsu. Saboda haka masu zane da mawaƙa suka juya ga daji da teku da duwatsu, suna neman abin da inji bai taɓa ba, abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam.

Mutumin da ya ba mu baya

Mu fara da Bajamushe Caspar David Friedrich, wanda aka haifa a 1774 ya rasu a 1840. Ya tashi a bakin teku a arewacin Jamus, kuma yana ɗan shekara 13 ɗan'uwansa ya nutse a ruwa bayan ƙanƙara ta fashe da shi. Shahararren zanensa, na wajen 1818, yana birnin Hamburg yanzu. Wani mutum ne sanye da doguwar kwat, riƙe da sanda, tsaye a kan dutse, a gabansa hazo ya rufe komai sai kawunan tsaunuka.

Abin lura shi ne mutumin ya ba mu baya, ba ma ganin fuskarsa. Da gangan mai zanen ya yi haka. Da ya nuna fuskar, da mun shagala da tambayar wane ne wannan, yana murna ko yana baƙin ciki. Da ya juya shi, sai muka tsaya a bayansa muna kallon abin da yake kallo, har mu ji kamar mu ne a kan dutsen. A wani zanen nasa kuma, na wajen 1810, ya zana wani mai ibada shi kaɗai a bakin teku, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero, sama ta cinye kusan dukkan allon. Ba a rubuta ko harafi ba, amma duk wanda ya kalla zai gane saƙon: mutum ƙarami ne, halitta babba ce.

Ga wani sirri kuma. Wurin da ke cikin zanen mai hazo babu shi a duniya yadda aka zana shi. Friedrich yakan zaga duwatsu da littafinsa yana zana wannan dutse a nan, wancan tsauni a can, sa'annan ya koma ɗakinsa ya harhaɗa su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙaton da ya narke cikin gajimare

Na biyu shi ne Baturen Ingila J.M.W. Turner, ɗan wani wanzami a Landan, wanda ya rayu daga 1775 zuwa 1851. Yana ɗan shekara 14 aka karɓe shi a babbar makarantar zane ta Ingila. A 1829 ya fitar da wani zane da ya ɗauko daga tsohuwar hikayar Girkawa, wanda yau yake babban gidan zane na ƙasa a Landan.

Ga labarin a taƙaice. Wani jarumi mai wayo, Ulysses, yana komawa gida daga yaƙi da mutanensa, sai suka faɗa kogon wani ƙato mai ido ɗaya a goshi, ana ce masa Polyphemus. Ƙaton ya toshe bakin kogon da dutse, ya riƙa cinye su bibbiyu. Ulysses ya shayar da shi har ya yi barci, suka tsire masa idon da gungume mai wuta, da safe suka sulale suna maƙale a ƙarƙashin cikin tumakinsa. Da suka hau jirgi sai Ulysses ya juyo yana yi masa gori. Kun ga ai kamar tatsuniyar Auta da Dodo ce.

To yaya Turner ya zana wannan? Wanda ya kalli zanen karon farko, fitowar rana zai gani, ja da ruwan zinariya sun cika sama, ga jirgin ruwa yana keta teku. Jarumin da labarin yake kansa ɗan mitsitsi ne a kan jirgi. Ƙaton kuwa sai an lura sosai za a gane shi, don yana can saman tsauni ya gauraye da gajimare, ba ka sanin inda jikinsa ya ƙare dutse ya fara. A gaban jirgin akwai wasu siffofin mata shara-shara cikin kumfar ruwa, su ne 'yan matan teku na hikayar Girkawa. Masana zane suna danganta su da wani haske da matuƙa jirgi kan gani a teku da dare, wanda wasu ƙananan halittu ke fitarwa idan an motsa ruwa. A can wajen rana kuma akwai inuwar dawaki da kyar ake ganinsu, domin Girkawa sun ɗauka dawaki ne ke janyo rana kowace safiya.

Wato duk wani jiki da ke cikin zanen nan, ban da na matuƙan jirgi, wani yanki ne na halitta aka ba shi siffar mutum. Ƙaton tsauni ne mai ban tsoro, 'yan matan hasken ruwa ne, dawakin kuwa alfijir ne. Wannan shi ne mabuɗin farko.

To me ya kawo rashin tufafi?

Yanzu mu fuskanci tambayar ɗalibinmu. Da farko ku sani, masu zanen nan Kiristoci ne ko waɗanda suka tashi cikin Kiristanci, ba sa bauta wa gumakan Girkawa. Labaran sun zame musu kamar yadda Gizo da Ƙoƙi suke a wurinmu. Dalilan da suka sa suke zana su haka guda huɗu ne.

Na farko, gado. Girkawan dā sun sassaƙa mutum-mutumin gumakansu da jarumansu ba tufafi, har 'yan wasansu ma haka suke shiga fili. Makarantun zane na Turai sun ɗauki waɗannan sassaƙe-sassaƙe a matsayin ma'auni, ɗalibi yakan shafe shekaru yana kwafarsu kafin a bar shi ya taɓa fenti.

Na biyu, alama. Tufafi suna faɗin zamani da matsayi. Idan muka ga rawani da alkyabba mun san basarake ne, idan muka ga malfa da sanda mun san makiyayi ne, idan muka ga yunifom mun san ɗan makaranta ne. Mai zanen da yake son ya ce wannan ba ɗan wani gari ba ne, ba ɗan wani zamani ba, kogin ne da kansa, sai ya cire duk wata alamar gari da zamani. Akwai kyakkyawan misali da ya shafi Afirka. A gidan tarihi na Vatican da ke birnin Rum akwai tsohon mutum-mutumin Kogin Nilu. An sassaƙa shi a siffar dattijo mai gemu yana kishingiɗe, riƙe da zangarniyar alkama, yara ƙanana 16 suna hawa jikinsa. Me ya sa 16? Saboda idan ambaliyar Nilu ta kai kamu 16, a shekarar Misirawa za su yi noma mai albarka. Kun ga ashe lissafin noma ne aka sassaƙa da dutse. Wanda bai sani ba zai ce tsoho ne da jikokinsa.

Na uku, daraja da kuɗi. A makarantun zane na Turai an jera nau'o'in zane kamar matakala. Zanen tarihi da hikaya shi ne a sama, zanen daji da gona yana can ƙasa. Saboda haka mai son zana itatuwa, idan yana son a girmama aikinsa a saya da tsada, sai ya saka 'yan siffofin hikaya a gindinsu. Bafaranshe Camille Corot yana da wani zane na wajen 1850, wanda ke birnin Paris, da ya kira rawar 'yan matan daji da safe. Duk wanda ya gan shi ya san itatuwa da raɓa da hasken safiya su ne gwanayen zanen, masu rawar ƙanana ne a ƙasa.

Na huɗu shi ne wanda ba a cika faɗa a littattafai ba. Da yawa daga masu sayen zanen attajirai ne maza, kuma sunan hikaya yakan zama mayafi ga abin da ido yake so. Su kansu Turawa sun tona wa kansu asiri a 1863, lokacin da Édouard Manet ya zana wata mace ba tufafi zaune a daji tare da maza biyu masu kwat irin na zamaninsa. Alƙalan babban bikin nunin zane na Paris suka ƙi karɓa, da aka nuna shi a wani wuri kuma aka yi ta surutu. Me ya bambanta shi da ɗaruruwan da suka karɓa a baya? Bai laƙaba mata sunan wata 'yar ruwa ba, macen Paris ce kawai. Da aka yaye mayafin, sai kowa ya ji kunya.

Saboda haka idan wani ya ce muku duk waɗannan zane-zane iskanci ne zalla, bai faɗi gaskiya duka ba. Idan wani kuma ya ce duk ilimi ne tsantsa, wanda ya kau da kai baƙauye ne, shi ma bai faɗi gaskiya duka ba.

Ina muka tsaya?

Ɗalibin da ya kashe waya bai yi kuskure ba. Addininmu ya umarce mu da runtse ido da suturta al'aura, al'adarmu kuma ta ɗauki kunya ado. Sanin dalilin da ya sa wasu mutane suka yi abu bai wajabta mana yin sa ko kallonsa ba, kamar yadda ɗalibin tarihi yake karanta yadda Fir'aunoni suke binne matattunsu ba tare da ya yi koyi da su ba. Amfanin sanin shi ne, ranar da ɗayanku ya sami kansa a jami'a ko a wata ƙasa aka tayar da maganar, ba zai rikice ba, ba kuma za a raina masa wayo ba. Zai iya cewa na san abin da ake nufi, ga kuma dalilin da ya sa ni ba na yin haka.

Wani abin farin ciki shi ne ƙofar zanen daji a buɗe take gare mu. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, yana neman fatawa, sai ya nuna masa cewa idan dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Game da zanen mutane da dabbobi malamai suna da bayanai masu tsawo, ku tuntuɓi malamanku na Islamiyya. Amma kogi da dutse da gajimare da gona, wannan fili ne mai faɗi.

Mu ma mun ba ruwa fuska

Kada ku ɗauka Girkawa kaɗai ne suka ga mutum a cikin kogi. Bambancin shi ne su sun sassaƙa da dutse, kakanninmu kuwa sun ajiye a baki.

Ku tuna labarin rijiyar Kusugu ta Daura, inda aka ce wani maciji mai suna Sarki ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Ku karanta shi da mabuɗin da muka samu daga Turner. Labari ne na gari mai ƙishi, da kuma cewa wanda ya buɗe wa jama'a hanyar ruwa shi ya cancanci mulki. Ku tuna kuma yadda kakanni suke gargaɗi game da 'yan ruwa a gurbi mai zurfi, ko iskokin da aka ce suna zaune a kuka da tsamiya. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo malamai suke yaƙar bautar itatuwa da duwatsu da yi musu yanka, kuma wannan ita ce aƙidarmu. Duk da haka ɗalibi mai lura zai tambaya, wane aiki waɗannan labarai suka yi a cikin al'umma? Yaro nawa ne tsoron 'yan ruwa ya hana faɗawa gurbi lokacin da gulbi ya kawo? Kuka nawa ce ta tsira daga gatari saboda ana shakkarta?

Maƙwabtanmu na Argungu suna da misali mai rai. Bikin kamun kifinsu na zamani ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, hukumar UNESCO kuma ta saka shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ba a shiga ruwan Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma ana hana su a wurin har lokacin biki ya zo. Wannan hani shi ke ba giwan ruwa damar girma. Al'ada ta yi wa kogi mai magana da yawunsa, kogin kuma ya huta.

Yau tsoron iskoki ya ragu, alhamdu lillahi, to amma me muka sa a madadinsa? Duk wanda ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega yana ganin lodin itace da buhunan gawayi. Turawan zamanin Romantik sun fara kewar dajinsu ne lokacin da hayaƙi ya fara cinye shi. Mu ma muna kan irin wannan gaɓa.

Kanon da aka zana a Jamus

Yanzu mu dawo kan sirrin nan na Friedrich. A watan Fabrairun 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano, ya hau Dutsen Dala ya yi ɗan zanen birnin a littafinsa. A 1853 ya zo ƙasar Sakkwato, ya zauna a Wurno, ya wuce Gwandu. Da ya koma gida aka buga littafin tafiyarsa cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, ɗauke da hotuna masu launi. Waɗannan hotuna har gobe ana saka su a littattafan tarihi a ce ga Kano a dā.

To amma ba Barth ne ya ƙarasa su ba. Wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, wanda ba ya cikin tafiyar, ya karɓi zanen Barth ya gyara, ya sa launi da haske irin wanda idon Bature na zamanin yake so. Hotunan suna da amfani ƙwarai, don sun adana mana kamannin gine-gine da itatuwa tun kafin kyamara ta iso ƙasar nan. Amma mai karatu ya riƙa tunawa cewa ido biyu na baƙi ne suka tace su kafin su iso gare shi.

Kwatanta wannan da Birnin Kudu a Jihar Jigawa, inda akwai tsofaffin zane-zane a jikin duwatsu kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Mutanen da suka rayu a wurin ne suka zana shanunsu, kuma shanun da ke jikin dutsen ba su da tozo irin na shanunmu na yau. Masu zanen sun shuɗe, irin shanun ya ɓace daga yankin, zanen yana nan yana ba da shaida. Gani ya kori ji.

Idan ɗaliban Sanyinna da Tambuwal da Kebbe suka ci gaba da zana dutsen ƙanƙara, wa zai zana Gulbin Zamfara lokacin da ya cika ya batse? Wa zai zana fadama da rani, albasa kore shar, injin ban-ruwa yana tsaye inda jigo yake a dā? Bayan shekara 50 jikokinku za su nemi kamannin garinsu, sai su tarar da hoton da baƙo ya ɗauka ta tagar mota.

Wasu ɗalibai sun taɓa yin wannan tunani. A 1958, a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, matasa irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane. Malamansu Turawa ne, suna koya musu salon Turai. Ɗaliban suka ce za mu karɓi dabarar, amma abin da za mu zana namu ne. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo, Okeke ya koma ga zanen gargajiyar Ibo. Dukkansu sun zama manyan masu zanen Najeriya, kuma sashen koyar da zane na jami'ar yana nan yana ɗaukar ɗalibai.

Tambayoyi biyar ga kowane zane

Duk lokacin da kuka ci karo da zanen daji ko kogi, a littafi ko kalanda ko bayan babbar mota, ku yi masa waɗannan tambayoyi:

1. Wa ya zana, yaushe, kuma ya taɓa ganin wurin da idonsa?
2. Me ya fi girma a cikin zanen, mutum ko halitta? Me girman yake faɗa?
3. Daga ina haske yake fitowa, kuma wane lokaci ne, asuba ko azahar ko almuru?
4. Siffofin da ke ciki mutane ne na gaske, ko suna wakiltar wani abu kamar kogi ko iska ko damina?
5. Don wa aka yi zanen, kuma me aka bari ba a zana ba?

Tambaya ta biyar ta fi sauran wuya. Zanen gona mai kyau da babu manomi mai gumi a ciki, ya ɓoye wani abu.

Aikin wannan mako

Ku ɗauki fensir da takarda ku fita bayan gari da hantsi ko da la'asar, tare da izinin iyaye, kuma kada ku yi nisa. Ku zaɓi wuri ɗaya, ko gindin kuka, ko bakin tafki, ko layin rumbuna. Ku zauna minti goma kuna kallo kafin ku ja layi ko ɗaya. Ku lura da inda inuwa ta faɗi da yadda launin ƙasa yake canjawa daga kusa zuwa nesa. Sa'annan ku tambayi wani dattijo ko wata tsohuwa a gidanku labarin wurin, me ake cewa game da shi a dā, me ke wurin da yanzu babu.

Daga nan ku gwada abu mai wuya. Ku sa labarin ya fito a cikin zanen ba tare da kun zana aljani ko mutum ba. Idan wurin abin tsoro ne, duhun inuwa da karkacewar rassa su faɗa. Idan wurin albarka ne, haske ya faɗa. Friedrich ya nuna girman halitta da hazo kawai, ku kuma kuna da hazon hunturu da baƙin hadarin gabas da jar ƙasa bayan ruwa.

Ku rubuta sunan wurin da kwanan wata a bayan takardar, ku miƙa wa malaminku na zane ya aiko mana. Waɗanda suka fi kyau za mu buga su a wannan shafi. Dutsen ƙanƙara dai kada mu gan shi, sai fa in a Sanyinna aka yi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.